Godiya ga ma'aikatan majalisar garin Lainate, da matar da ta ɗauko wa Kawu kujera

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar fata ne daga Kano, kuma wannan godiya ce ga ma'aikatan majalisar garin Lainate a ƙasar Italiya, waɗanda ofishinsu ke cikin tsohon gidan da ake kira Villa Litta. Na san ba sa jin Hausa. Wani yaronmu da ke karatu a can ya riga ya rubuta musu 'yan layuka da harshensu a madadina, amma raina bai kwanta ba sai na faɗa a gaban 'yan'uwa.

A watan Satumba muka je baje kolin fata na Lineapelle da ake yi a Rho, kusa da Milan, ni da Kawu. Kawu ya haura saba'in. Ya yi shekara arba'in yana tura fatar akuya da ta tumaki Italiya, bai taɓa taka ƙasar ba sai wannan karon. Ni na matsa masa ya zo, kuma kafin kwana uku na fara da-na-sani. A masauki, mai karɓar baƙi ya riƙe fasfonmu yana juya shi kamar wanda aka ba jabun kuɗi, alhali Turawan da suka zo bayanmu har sun kai ɗakunansu. A wani shahararren wuri cikin Milan, ƙafa ta gaji, Kawu ya ɗan zauna a kan matakala, sai mai gadi ya kore shi da bayan hannu, irin korar da ake yi wa kaza daga shanya. Wataƙila doka ce ta hana zama a wurin, ban musa ba. To amma ai akwai baki. Kawu bai ce uffan ba, ya dafa sandarsa ya miƙe. Da dare ya ce da ni, "Kai dai ka gama cinikinka mu koma gida."

Saura kwana ɗaya mu taso, wani abokin ciniki ya ce kada mu tafi ba mu ga gidan ruwa na Lainate ba, wato ginin wasan ruwa da ke cikin Villa Litta, tunda daga Rho 'yar tafiya ce. Da ƙyar Kawu ya yarda. Muka isa da wuri, kuma da yake ba ma karanta allunan, muka faɗa ƙofar da ba ita ba. Sai ga mu a cikin ofis, mutane riƙe da takardu suna jiran layi, ma'aikata a bayan kwamfuta. Na ce a raina shi ke nan, wata korar ta zo.

Wata mata mai furfura, tabarau rataye a wuyanta, ta ɗago kai. Ba fuskarmu ta fara duba ba, ƙafar Kawu ta duba, wadda ta kumbura har ya take bayan takalminsa. Ta tashi, ta ɗauko kujera da hannunta, ta ajiye a bayansa, ta ce "Prego, signore." Ta kawo ruwa a kofi biyu. Turancinta kaɗan ne, Italiyancina bai wuce gaisuwa ba, sai ta ciro waya ta tambayi harshenmu, ta lalubo Hausa a manhajar fassara. Hausar da wayar ta fitar a karkace take, har ta mai da Kawu mace, tana cewa "ki zauna". Kawu ya yi dariya har da tari, dariyarsa ta farko tun saukarmu. Ya ce, "Gaya mata na gode, 'yata. Allah ya yi mata albarka."

Ta fahimtar da mu cewa nan wajen aikin majalisa ne, masu yawon buɗe ido ƙofarsu daban, kuma ɓangaren ruwan ba a shigarsa sai da ɗan rakiya a lokacin da aka tsara. Tana iya nuna mana hanya da yatsa ta koma kujerarta. Sai ta sallami mutum biyun da ke gabanta, ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata wuri, ta taka da mu a hankali daidai tafiyar Kawu. Da azahar ta yi na tambaye ta inda za mu yi salla, ina ɗar-ɗar. Ta nuna mana famfo da wata inuwa a gefen lambu, ta juya ta ba mu wuri.

Ɗan rakiyar da ta damƙa mu a hannunsa ɗan sa-kai ne, daga ƙungiyar mutanen garin da ke hidimar gidan. Shi ya ba mu labarin cewa wani basarake mai suna Pirro Visconti Borromeo ya fara gyara wurin wajen 1585, ya ɗauko magini Martino Bassi ya tsara masa ginin ruwan, aka gama a 1589. Ɗakunan ciki, bango da daɓe, duk tsakuwa ce fara da baƙa aka jera ɗaya bayan ɗaya ta zama zane, a rufin kuma Camillo Procaccini ya yi fenti a kan tsakuwar kanta. Kawu ya shafa bangon ya ce wannan haƙurin sai masu ɗinkin hula. Gumakan kuwa, da yawansu ba sutura, sai ya duƙufa kallon daɓe.

Ɗaya daga cikin abubuwan da mai gidan ya gina wurin dominsu shi ne tsokanar baƙinsa. Ana tara ruwa a tanki a saman wata hasumiya, nauyinsa ke tura shi cikin bututun da aka binne, wani mutum kuma yana ɓoye a lungu yana leƙe, kana kaiwa daidai wurin sai ya buɗe. Na lura ɗan rakiyar ya yi wa na ɓoyen alama da hannu a kan Kawu. Dattijo ya wuce a bushe. Ni da na biyo baya da sabuwar shadda, ruwa ya taso daga ƙasa ya shige ta ƙafar wando. Kawu yana daga gefe yana cewa, "A ƙara masa!"

Gidan ya bi hannaye da yawa, daga zuriyar Litta da sunansu ya manne masa zuwa wasu attajirai, ya lalace bayan yaƙin duniya na biyu, sannan majalisar garin ta saye shi a farkon shekarun 1970. Sai a shekarun 1990 ruwan ya sake tashi. Wannan ne ya tsaya mini a rai a jirgi. Gidan da talaka ba ya isa ya leƙa, yau nan yake zuwa da takardarsa. Mu kuwa ganuwar da kakanninmu suka gina muna kallo ana ɗibar ƙasarta, gidajen zaure masu zanen ado ana rushe su a dasa shaguna. Ofisoshin da muka gina jiya-jiya ma, ka shiga ka ga silin ya zubo, ka yi sallama ba mai ɗago kai. "Oga bai zo ba." "Ka dawo gobe." Na taɓa raka Kawu wani ofis kan takardar fili, ya yi awa uku a tsaye, masinja yana zaune a kan benci yana danna waya. Ba na cewa Italiya duk haka take, ai na ba ku labarin masauki da mai gadi.

Da za mu tafi Kawu ya sa hannu a aljihu, matar ta girgiza kai da ƙarfi har tabaran ya yi lilo. Dabino ɗaya kawai ta ɗauka daga ledar da ya miƙa. Ko sunanta ba mu tambaya ba. Tun da muka dawo ya sa dukawa sun ɗinka 'yar jakar tabarau ta jar fatar akuya, ya ce idan na koma baje kolin Fabrairu in kai mata, in kuma ta ƙi karɓa in ajiye a kan teburin in fito da sauri.