Wasiƙa zuwa ga Habibu: fitilun katafilar Kawu

Zariya

Assalamu alaikum, Habibu mutumina.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da yadda kuke fama da cunkoson Legas. Mu nan sai godiya, zafin bazara ne kawai yake gasa mu.

Ka tuna katafilar nan ta gonar Kawu, hanyar Shika? Caterpillar D2 ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1938 da 1957. Har yanzu ƙaramin injin feturinta ne ke tada babban na gas. Kawu yana so a riƙa gyaran fili da dare kafin saukar damina, sai ya ce in yi mata fitilu.

Na tarar da wayoyin sun bushe, da ka taɓa sai bawon ya zube. Na yaye su duka. Wutarta volt 6 ce, ba 12 ba kamar ta motocin yanzu, kuma a nan gizo ke saƙa. Ƙwan fitila mai wat 35 yana jan kusan amfiya 6, ninkin abin da zai ja a mota. Fitilu uku, biyu gaba ɗaya baya, sun haura amfiya 17 ke nan. Yaron da ya taya ni ya kawo siririyar wayar babur, na ce mayar. Da ita, wutar a hanya za ta ƙare, wayar ta yi zafi, fitilar ta yi ja.

Daga batir na bi ta agogon caji, sai fiyus, sannan makunni. Makunnin irin na ja ne: ka ja sau ɗaya na gaba su kama, ka ƙara ja ta baya ta bi su. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe na sa mata tiyo na ɗaure, don girgizar katafila ba ta barin komai a inda aka ajiye shi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne hanyar komawar wuta. Ta jikin ƙarfe take bi, jikin kuwa tsatsa ce a kan tsohon fenti. Na kankare gindin kowace fitila sai da ƙarfen ya yi ƙyalli, amma zuciyata ba ta kwanta ba, na ja wa kowace fitila waya ta biyu zuwa firam.

Kuma batirinta, ɓangaren mai alamar + ne ke manne da jiki, yadda injinan Amurka da yawa na wancan zamani suke. Wani mai rewaya a Sabon Gari ya dage in sa fitilun zamani na LED. Galibinsu na volt 12 ne, kuma ba sa kamawa in an juya musu wuta, sai na ce ya bar kayansa.

Yanzu ga roƙona. Ƙwan volt 6 ya yi wuya a nan, wanda ke fitilar baya ma tsohon ne na goge na mayar. Don Allah in ka sami sarari ka leƙa kasuwar Ladipo, ka tambayi masu tsofaffin kaya. Zan tura maka hoton gindinsa ta WhatsApp, kada su haɗa ka da wanda ba zai zauna ba.

Ka gaida maiɗaki da yara. Kawu yana gaishe ka, ya ce yaushe rabonka da gida?

Naka,
Lawal