Ga mai neman taron taimakon juna don barin giya

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili a jaridarku don amsa tambayar da ake yawan yi mana da murya ƙasa-ƙasa: ina mutum zai samu taron masu ƙoƙarin barin giya, kuma in ya je me zai tarar?

Kafin batun taro, ga gargaɗi. Wanda ya daɗe yana sha kullum, musamman wanda hannunsa ba ya daina rawa da safe sai ya kurɓa, kada ya yanke sha dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, karkarwa da gumi da tashin zuciya kan fara. Cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne abin ya fi muni: sambatu, gane-gane, zazzaɓi da bugun zuciya, kuma yana kisa. Dalili kuwa, giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saba da yunƙurin ture dannewar. Da an janye giyar farat ɗaya, sai yunƙurin ya rasa mai tare shi. Wannan aikin likita ne. Taro yana taimakon mutum kada ya koma, amma ba asibiti ba ne.

Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Bill Wilson da Dokta Bob Smith ne suka kafa ta a 1935 a garin Akron na Amurka, tana kuma bin matakai 12 na barin giya, ciki har da miƙa lamari ga Mai iko. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: son daina sha. Babu rajista, babu kuɗin shiga. Ana zagayawa da kwando don hayar ɗaki, mai hali ya saka, marar hali ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda maganar miƙa lamari ga Mai iko ba ta kwanta masa a yadda suke yin ta ba, akwai SMART Recovery, wadda aka fara a 1994, ta fi karkata ga koyar da dabarun danne sha'awar giya da sauya tunani. Iyalin mashayi kuma suna da nasu taron, Al-Anon, tun 1951.

Wajen nema, a fara da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti ko cibiyar masu shaye-shaye, domin su suka fi sanin taron da ke raye. Akwai jerin taruka a shafukan intanet na ƙungiyoyin da manhajar Meeting Guide, sai dai jeri kan tsufa. A buga waya a tabbatar da rana da ɗaki. Mutane da dama sun tattara ƙarfin hali sun je, suka tarar da ƙofa a garƙame, ba su sake gwadawa ba. Inda babu taro kusa, ana yi ta Zoom, kuma mutum na iya kashe kyamararsa. A kuma duba irin zaman: buɗaɗɗe kowa na iya halarta, har da ɗan rakiya, rufaffe kuwa na masu matsalar ne kawai.

A isa da minti 15 kafin lokaci, a gaya wa mai jera kujeru cewa yau ne farko. Zama kan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ana ɗan karatu, sannan mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa na farko kaɗai. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi. In layi ya zo kan baƙo, "yau saurare na zo yi" ta wadatar. Kafin fita a karɓi lambar waya biyu ko uku, don sha'awar giya ba ta jiran ranar taro, kuma takan lafa in aka samu wanda za a yi magana da shi na ɗan lokaci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da zama ɗaya. Kowane taro da halinsa: wani na dattawa ne, wani hayaniya ta yi masa yawa. A gwada shida kafin a ce ba za a iya ba. Wasu kan ba sabon shiga shawarar taro 90 a kwana 90. Shawara ce, ba doka ba. Bayan 'yan makonni sai a zaɓi jagora, wato wanda zai riƙa ba sabon shiga shawara, cikin waɗanda suka daɗe ba su sha ba, namiji ga namiji, mace ga mace, kuma ana iya sauya shi ba tare da rigima ba.

Taron na mutane ne, don haka a kula. Duk wanda ya ce a ajiye maganin da likita ya rubuta, ko na damuwa ne ko irin su naltrexone da acamprosate masu rage sha'awar giya, kada a saurare shi, ita kanta AA ta hana mambobinta yin likitanci. A guji ba da rance, a guji mai neman soyayya da sabon shiga. Sirri kuma alkawari ne tsakanin mahalarta, doka ba ta tsare shi kamar na likita, saboda haka maganar da za ta iya kai mutum kotu a kai ta wa lauya.

Wanda ya zame ya sha, ya koma taro na gaba ya faɗa. In kuwa shan ya ɗauki kwanaki a jere, ya fara biyawa ta asibiti.

Naku,
Wasu ma'aikatan kula da masu fama da shaye-shaye