Wasiƙa daga Andalus kan man zaitun

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, da Inna da yara. Na ga saƙonka cewa kana son fara sayar da man zaitun a shago. Kafin ka zuba kuɗinka, ka san yadda ake yin sa.

A nan lardin Jaén, yankin Andalus a kudancin Sifen, ana girbi daga Oktoba zuwa Janairu. Ana shimfiɗa raga a gindin bishiya, a girgiza ta da inji ko a kaɗe da sanda. Dole 'ya'yan su isa wurin matsa kafin awa 24. In suka kwana biyu a buhu sai su ɗumama su fara ruɓa, man ya fito da wari. Ana wanke su, a niƙa har da ƙwallon, a cuɗa ƙullun kamar rabin awa ba tare da zafi ya wuce digiri 27 ba, sannan inji ya raba mai da ruwa da tunkuza. Wajen kilo 5 ke ba da lita 1. Wannan ne ake rubuta wa "extra virgin". Ita tunkuzar ana sake tatsarta da sinadari, kuma man nan ne ake rubuta wa "pomace" ko "orujo". Yana yin suya, amma haram ne ka sayar wa mai neman magani shi da sunan na asali.

Kasuwar tsohuwa ce ƙwarai. A birnin Rum akwai tudu mai tsayin mita 35, Monte Testaccio, wanda fasassun tulunan mai ne zalla, yawancinsu daga nan Andalus. Girkawa kuwa, a tatsuniyarsu, gunkiyarsu Atina ce ta ba birnin Atina bishiyar farko, aka sa wa garin sunanta. Mu dai mun san zaitun a Suratut Tin da Suratun Nur. Har yau Sifaniyawa "aceite" suke ce wa mai, daga "az-zait" na Larabci.

Farin 2022 da 2023 ya kusa raba girbin Sifen biyu, farashi ya ninka, algus ya yawaita. In ka ga kwalba da kuɗin man gyaɗa, ka bar ta. Abin ba wasa ba ne: a 1981 gurɓataccen mai da aka yi talla da sunan na zaitun ya kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan.

Ka ɗanɗana kafin ka saya. Mai kyau yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, yana ɗan ɗaci, yana kankare maƙogwaro. Gwajin da ake yi na sa man a firji a ga ko zai daskare bai tabbatar da komai ba. Ka zaɓi gwangwani ko kwalba mai duhu, ka duba shekarar girbi, kada ka jera shi inda rana ke bugu, don zafin Kano kan lalata shi da wuri. Ka fara da katan ɗaya na ƙananan kwalabe.

A gaida Inna, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka