Wasiƙa zuwa ga aminina game da autan Yaya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, abin da ya sa na katse wannan dogon shiru daga nan New York shi ne halin da autan Yaya yake ciki tun dawowarsa daga Iraƙi.

Ka san shi ba sojan dindindin ba ne. Yana cikin dakarun National Guard, masu zuwa atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da makonni biyu a shekara, sauran lokaci kowa yana neman abincinsa har ranar da za a kira su. Sojan dindindin idan ya baro fagen daga, bariki yake komawa, ga abokan da suka sha wuya tare, ga likita kusa. Shi kuwa yaron nan ana sallamarsu ya koma tuƙin motar kaya, cikin mutanen da ba su san abin da idonsa ya gani ba. Barci ba ya ɗaukarsa sai gab da asuba, kuma ranar suna a gidana, da yara suka buga ƙofa da ƙarfi, hannunsa ya kama rawa har shayi ya zube masa a riga, ya fice bai yi wa kowa sallama ba.

Wani bincike da aka buga a 2007 kan sojojin da suka dawo daga Iraƙi ya gano cewa kashi 42 cikin ɗari na irin waɗannan dakarun ko-ta-kwana suna buƙatar kulawar likitan ƙwaƙwalwa, alhali a na dindindin kashi 20 ne. Taimako akwai shi: inshorar lafiya ta irin waɗannan dakaru, TRICARE Reserve Select, da ake biya duk wata, cibiyoyin Vet Center masu ba sojojin da suka dawo daga yaƙi shawara kyauta, da lambar wayar gaggawa 988, wadda in an kira ake danna 1. Amma ya ƙi zuwa, domin yana tsoron a ce ya gaza, a hana shi ƙarin girma.

Hajiya ta dage cewa iska ce, har ta aiko da rubutu da turaren hayaƙi. Addu'a ba mu fasa ba, sai dai dole a haɗa da asibiti. Kai da ka daɗe a aikin jinya kuma take jin maganarka, don Allah ka je gida ka fahimtar da ita, domin idan ita ta umarce shi, ba zai musa ba. Ina jiran amsarka.

Naka amini