Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano Kan Ingancin Gwajin Jini Kafin Aure

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa da fatan alheri.

A watan Mayun 2024 kuka sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wadda ta hana ɗaura aure sai an gabatar da takardar gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, da kuma jinotaif, wato nau'in jinin da mutum ya gada daga iyayensa, wanda ke nuna ko yana ɗauke da sikila. Ina cikin waɗanda suka yi maraba da ita, domin Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila, kimanin jarirai 150,000 a kowace shekara, kuma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti kusa da yaron da ciwon ƙashi ya hana shi barci ba zai yi jayayya da manufarku ba. Sai dai dokar ta ɗora makomar iyalai a kan takarda guda, ita kuwa takardar ba ta da wata daraja sai gwargwadon ingancin ɗakin gwajin da ya fitar da ita.

Ranka ya daɗe, gwajin jinotaif aiki ne mai buƙatar natsuwa. A yawancin ɗakunan gwajinmu ana ɗiga jinin a kan wata siririyar takarda ta musamman, a jiƙa ta da ruwan sinadari, a sa mata wutar lantarki, sai kowane nau'in jini ya yi tafiya ya tsaya a nasa gurbin. Ƙa'ida ita ce a jera jinin da aka riga aka tabbatar da nau'insa a gefe, domin a kwatanta. Idan aka yi tsimin wannan jinin kwatance, ko aka yi ta maimaita sinadarin da ya gaji, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, layukan sukan cakuɗe, ma'aikaci ya koma karatu da kintace. Akwai kuma wuraren da ke yin gwajin gaggawa mai nuna cewa akwai S, wato ƙwayar sikila, a cikin jini kawai, wanda ba ya rarrabe AS (mai ɗauke da ƙwayar kawai) da SS (mai ciwon sikila), ba ya kuma gano nau'in jinin C, wanda shi ma kan jawo sikila idan ya haɗu da S. Har ila yau, wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni uku da suka wuce sakamakonsa na iya ruɗarwa, amma ba kowane ma'aikaci ne ke tambaya ba.

Kuskuren nan ta kowace fuska ɓarna ne. Idan aka rubuta wa mai AS cewa AA ne, wato ba ya ɗauke da ƙwayar sikila, ya auri mai AS, to kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma sau da yawa ba a farga sai jariri ya fara kumburin hannu da ƙafa, daga nan zargi ya shiga tsakanin dangi. Idan kuwa aka juya kuskuren, sai a fasa auren da babu abin da ya hana shi, bayan an kai kuɗin gaisuwa, an haɗa lefe. Limamin da aka miƙa wa takarda a wurin ɗaurin aure ba shi da hanyar sanin wacce ce sahihiya.

Hukumomin da za su gyara wannan suna nan. Dokar tarayya ta 2003 ta kafa MLSCN, wato majalisar kula da kimiyyar gwaje-gwajen lafiya ta ƙasa, domin yi wa ma'aikatan gwaji da ɗakunansu rajista da sa musu ido, kuma tana da cibiyar tantance ingancin sakamako a Saye da ke Zariya, inda ake aika wa ɗakunan gwaji samfurin da ba su san amsarsa ba, a ga ko za su dace. Jihar Kano ma tana da PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu.

Roƙona shi ne gwamnatinku ta haɗa hannu da waɗannan hukumomi, ta fitar da sunayen ɗakunan gwajin da aka amince su ba da takardar aure, a karanta su a gidajen rediyo, a liƙa a masallatan Juma'a da fadar hakimai. Kada wani ɗaki ya shiga jerin, na gwamnati ne ko na kuɗi, sai ya ci jarrabawar samfurin ɓoye, kuma a riƙa maimaita ta lokaci zuwa lokaci, wanda ya faɗi a dakatar da shi har ya gyara. Kowace takarda ta ɗauki sunan ma'aikacin da ya yi gwajin da lambar lasisinsa. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen karkara, waɗanda ba su da zaɓi sai ɗan shagon da ke bakin tasha. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ta samu aƙalla wuri ɗaya tantacce, mai wutar sola, da farashin da talaka zai iya biya. Inda kuma sakamako biyu suka saɓa wa juna, a ware cibiyar da za ta sake gwajin da na'ura mafi inganci kyauta, kafin iyaye su yanke hukunci.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya mai ritaya, Kano.