Wasiƙar makaranta ga iyaye: maganar tafiyar yara Yankari

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da yayye da kawunnai masu riƙon yara, barkanmu da war haka, ya gida ya ƙoƙari.

Wannan karon wasiƙar tamu duk akan abu ɗaya take, wato yawon buɗe ido na 'yan aji 2 da aji 3 na ƙaramar sakandare, don tun ranar taron iyaye da malamai wayar ofis bata huta ba. To an tsaya a magana ɗaya, Yankari za a je, can ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, bayan hutun tsakiyar zango in Allah ya kai mu.

Wasu sun ce me ya hana Kamuku, gashi nan cikin jiharmu a Birnin Gwari kuma tun 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. Wasu kuma Kainji suka so, kuma gaskiya in don darasi ne Kainji ɗin ya fi, tunda yaran suna karanta labarin madatsar ruwan da aka gama a 1968 akan kogin Neja da ƙaton tafkin da ya taru a bayanta, ga kogin Oli a ɓangaren Borgu. Amma kowa ya san halin tsaro a dazukan nan biyu, kuma ba zamu ɗauki ɗan kowa mu kai shi inda mu kanmu ba zamu iya runtsawa ba. Wannan maganar an rufe ta, dan Allah a yi haƙuri.

Shi Yankari an killace shi tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mutane da an ce Yankari giwa ce ke zuwa musu a rai, mu kuwa ruwa ne zai kai mu, shi malamin jogurafi yake so yaran su gani da idonsu.

Na farko Wikki. Ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, ko a tsakiyar hunturu ka shiga haka zaka ji shi, kuma garai-garai yake har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Yaran da suka saba ganin kogin Kaduna jawur da damina daga kan gada zasu sha mamaki, kuma tambayar da muke so su dawo da amsarta kenan: me ya sa wannan ya yi ja wancan ya yi garau? Namu yana kwaso laka da dattin gari a hanya, shi kuma Wikki ta cikin dutse ya tato kafin ya fito. Daga nan yake gangarawa ya faɗa kogin Gaji.

Gaji ɗin shi ne dalilin da ya sa muka zaɓi rani, ba wai don mu wahalar da yara da zafi ba. Idan ciyawa ta bushe ƙananan kududdufai suka ƙafe, dabbobi basu da wajen zuwa sai bakin kogin, sai ka ga ɓauna da gwanki da gwambaza da mugun dawa duk sun sauko shan ruwa, da safe ko da yamma. Da damina kuwa ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, sai ka yi ta yawo baka ga komai ba. Giwa dai akwai, amma ba mu yi wa kowa alkawari ba, sa'a ce. Zaki kam kada ma a sa wa yaro rai.

Yanzu ga inda muke so ku taya mu magana a gida. A Gaji akwai kada akwai dorina, babu wanda zai sauka daga mota a wajen sai in ma'aikacin gandun ya ce, balle a taɓa ruwa. Wanka a Wikki kawai, maza lokacinsu daban mata lokacinsu daban tare da malamai mata, da sutura ta mutunci, kuma akwai inda zurfin ya shanye babban mutum ma, don haka wanda bai iya iyo ba gefe mara zurfi zai tsaya. Iyaye ku rubuta mana gaskiya a fom, kar yaro ya ce ya iya ku biye masa. Mai asma ko farfaɗiya ko wanda yake shan wani magani shima a rubuta, ba hana shi tafiya zamu yi ba.

Sai birai. Wallahi ba wasa muke ba, manyan biran sansanin Wikki sun saba da mutane, leda a hannu fizgewa suke, ɗaki a buɗe shiga suke. Kada a cika wa yaro jaka da biskit da cincin, makaranta zata ciyar da su.

In lokaci ya bari za a leƙa gidan tarihin da ke sansanin da kogon Marshall, wato ramukan da mutanen zamanin da suka haƙa a jikin dutse.

Za a tashi daga harabar makaranta bayan sallar asuba, ta Saminaka a bi Jos a wuce Bauchi, ba tafiyar dare ko kaɗan, zuwa da dawowa. A haɗo musu gorar ruwa, hula, tawul, takalmi rufaffe, rigar sanyi guda saboda asuba, da littafi da biro don kowa zai rubuto rahoto kuma akwai maki. Waya a bar ta gida, lambar malaman rakiya na jikin fom tare da kuɗin tafiya, kuma zamu riƙa saka hotuna a guruf ɗin WhatsApp na iyaye. Wanda kuɗin ya yi masa nauyi ya zo ofis mu yi magana tsakaninmu, ana karɓa kashi biyu. Fom ɗin da ba sa hannun uba ko uwa ko mariƙi ba zamu karɓa ba, kuma a dawo da shi kafin a tafi hutun.

Mun gode, Allah ya raya mana su.

Hukumar makaranta