Yaya, kada a cire wa Umma haƙori tukuna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi da aikin dare, su kuwa an riga an saba.

Maganar haƙoran Umma ce ta sa na rubuto. A bakin Auta na ji, ita ma suɓutar baki ta yi, wai likita ya ce haƙora 7 zai cire ya sa mata na roba, har an sa rana. Haba Yaya, wannan ce maganar da za a ɓoye mini? Na san za ka ce ba ku so hankalina ya tashi. To ai ya tashi, kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Na turo kuɗin, ka duba. Amma don Allah kada a biya likitan nan, kuma kada a taɓa mata haƙori ko ɗaya, sai wani likitan haƙori daban ya duba ta. Ban ce na farkon macuci ba ne, ban ma san shi ba. Sai dai haƙorin babba in ya fita ya fita ke nan, ba ya sake tsirowa. Guda 32 ne in sun cika, Umma kuwa ta riga ta rasa wasu. A ƙara ɗebe 7, da me za ta tauna?

Bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa muku ba. Bara haƙorina na turmi na hagu ya hana ni sakat. Na je wani asibitin haƙori, aka ɗauki hoto, likitan ya ce haƙora 4 ne suka lalace, duk sai an cire musu jijiya an sa musu hula. Da aka miƙo mini takardar kuɗin sai da na nemi wuri na zauna. Wani abokin aikina ne ya ce in karɓi hoton in kai wani wurin. Na ji nauyi ƙwarai, kamar zan ƙaryata mutum a kan idonsa, amma ko a jikinsu, suka ba ni. Na biyun ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora wa kowanne wani abu mai sanyi don ya ga ko jijiyar tana da rai. Ashe ɗaya ce ta mutu. Biyu ciko kawai aka yi musu, na huɗun ya ce a bar shi a sake dubawa bayan wata 6. Yana nan har yau ina tauna da shi. Shi ne ya ce mini likitocin haƙori hannunsu ba ɗaya ba ne, wani da ya ga ɗan duhu a hoto zai fara aiki, wani sai ya jira ya ga ko kogon yana ƙaruwa.

Wata biyun nan da kuka ji ni shiru ban aiko ba, har Kawu yake yawo da ni wai na manta gida, to can kuɗin suka tafi. Ba komai, ya wuce. Ni dai ban ci bashin kowa ba a ƙasar mutane.

Ka koma wurin likitan farko da kanka, cikin mutunci, ka karɓi hoton da ya ɗauka. Ka ce ya rubuta maka a takarda: wane haƙori, me ya same shi, me zai yi masa, da kuɗin kowanne daban. Kada ka yarda da lissafi a dunƙule. In kun je wurin na biyu, ka ba shi hoton amma ka riƙe takardar a aljihu, ya fara faɗin abin da idonsa ya gani, sannan ka nuna masa. Ka tambaye shi waɗanne ne za a iya cetowa, wanne ne ba ya jira, kuma me zai faru in aka ɗaga sauran zuwa wata 3. Kai za ka raka ta, ba Auta ba. Ka san Umma, duk abin da likita ya ce sai ta ce "to", ko da a ranta ba ta yarda ba.

Auta ta ce girgiɗi suke yi. In haka ne, wataƙila ciwon a dasashi yake, kuma ciwon suga da ciwon dasashi kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Wani lokaci in aka wanke dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, suga kuma ya daidaita, wasu haƙoran sukan tsira. Wanda ƙashin da ke riƙe da shi ya cinye sosai kuwa ba makawa sai an cire. Ku tafi da duk magungunanta a leda, na suga da na hawan jini da asfirin ɗin nan, likita ya gani da idonsa, don asfirin yana tsinka jini, suga kuma in ya hau rauni ba ya saurin warkewa. Kada ta daina shan kowanne da kanta. In wani ya kawo maganar dashen haƙori, ka sani ba aikin rana ɗaya ba ne, ƙarfen da ake dasawa a gurbin haƙorin yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙashi.

In su biyun bakinsu ya zo ɗaya, shi ke nan, a yi, ko nawa ne zan nemo. In sun saɓa, ka kira ni kafin a yanke komai.

Amma in fuskarta ta kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko haɗiya ta gagara, ko numfashi ya yi wuya, ku manta da duk abin da na rubuta, asibiti a daren nan. Kuma ka hana Gwaggo ɗirka mata kafso. Yana kwantar da ciwon ne na 'yan kwanaki, tushen yana nan.

Shekara 4 rabona da fuskarta sai ta waya. Kwanakin baya na lura in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi, na ɗauka wasa take yi mini. Ni da ya kamata a ce ni ke riƙe da jakarta a layin asibiti, ga ni nan ina ba da umarni a takarda. Ka yi haƙuri Yaya, duk nauyin a kanka yake, na sani.

Kuɗin nan na haƙorin Umma ne kaɗai. Kada su bi ta hannun Kawu ko da ya ce aro ne zuwa ƙarshen wata. Ka cire na ganin likita na biyu da na mota, sauran su zauna a wurinka.

Ka gaida Anti da yara, da Auta, kuma kada ka yi mata faɗa. In za ka karanta wa Umma takardar nan, ka tsallake wurin haƙorina.

Ni ne ƙaninka.